Ƙurar Ƙarfen Da Ta Sauya Noman Ƙasar Zazzau

Yau a Birnin Zariya za mu yini, amma sai mun biya ta Faransa da Jamus da Amurka da Japan kafin mu dawo Ƙofar Doka. Tambayar da na riƙo muku ita ce: Turawa sun shimfiɗa layin dogo har ƙasar Hausa ne saboda auduga, to me ya sa gyaɗa ce ta cika taragun? Amsar da aka saba bayarwa ita ce farashi, kuma gaskiya ne. To amma me ya ɗaga farashin? In ka bi diddigi, za ka je ka tarar da wata baƙar ƙurar ƙarfe, wadda babu manomi ko ɗaya a ƙasar Zazzau da ya taɓa sa ta a ido a wancan lokacin.

Mu fara da sunan abin. Masana sinadarai suna ce masa katalis. Ni dai in zan yi wa tsohuwa bayani, dillali zan ce mata. Ga mai saniya, ga mai kuɗi, kowa na bukatar ɗan'uwansa, amma sai su yini a kara ba su daidaita ba. Dillali ya zo ya kama hannun wannan, ya kama na wancan, mai saniya ya sallama, kowa ya kama gabansa, shi kuma ya juya ya nemo wasu biyun. Haka katalis yake yi wa sinadarai. Abu biyu da za su iya shekara a tukunya ɗaya ba su haɗu ba, shi sai ya haɗa su cikin minti kaɗan. Inda ya bambanta da dillalin kara shi ne ba ya karɓar la'ada. Yadda ya shiga haka yake fita, shi ya sa ɗan kaɗan ɗinsa yake isar tukunya guda.

Kuma kada ku ɗauka baƙon abu ne a birni. Marinin da yake haɗa baba da toka da katsi a rami, ya rufe ya jira kwanaki, da dillali yake aiki. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke rayuwa a ramin, su ne suke juya shi ya narke ya shiga zare, in an tsamo ƙyallen iska ta buge shi launin ya dawo ya zauna. Marinin bai san sunansu ba, amma ya san ranar da rami ya nuna, ya kuma san ranar da ya mutu.

A Turai, da ƙarfe aka fara lura da abin sosai. A 1823 wani Bajamushe mai suna Döbereiner, a garin Jena, ya hura iskar haidurojin a kan garin ƙarfen filatinam, sai ƙarfen ya yi ja, iskar ta kama da wuta ba tare da an kawo garwashi ba. Har ya ƙera abin kunna wuta da shi, aka yi ta saye. A 1835 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, ya tattaro irin waɗannan abubuwan mamaki ya ba su suna ɗaya, wanda daga shi ne kalmar katalis ta fito. Ku riƙe wannan shekarar. A wannan zamanin ne, lokacin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara. Kowane ɓangare da gwanayensa, kuma babu wanda ya san da wani.

Abin da ya haɗa su daga baya, ciki ne. Biranen Turai sun cika da ma'aikatan masana'antu, su kuma burodi da man shanu suke karyawa da shi, man shanun kuwa ya fi ƙarfin talaka. A 1869 wani Bafaranshe, Mège-Mouriès, ya haɗa wani abu mai kama da shi daga kitsen sa da madara, aka sa masa majarin. Wannan ne kakan botar da mai shayi yake shafa muku a burodi. Sai dai shi ma kitsen bai wadata ba. Man da yake da yawa a duniya shi ne na tsirrai, man gyaɗa, man angurya, man riɗi, amma duk ruwa ne, ba a shafa ruwa da wuƙa.

Nan ƙurar ƙarfen ta shigo. A 1897, a birnin Toulouse na Faransa, Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens suka gano cewa in aka bi da tururin wasu sinadarai tare da haidurojin ta kan garin ƙarfen nikel mai zafi, haidurojin ɗin yana shiga jikinsu ya zauna. Wannan aikin ya ba Sabatier kyautar Nobel a 1912. Su da tururi suka yi. A 1901 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, da ke aiki a wani kamfanin mai a garin Herford, ya gwada da ruwan mai kai tsaye. Ya zuba garin nikel a mai, ya ɗumama, ya hura haidurojin, man ya daskare. Ya yi rajistar dabarar a Jamus a 1902, a Ingila a 1903.

Ga abin da ke faruwa a cikin tukunyar, a taƙaice. Ƙwayar mai doguwar sarƙa ce ta kabon. A man tsirrai, sarƙar tana da wasu gaɓoɓi masu ɗauri biyu, kuma duk inda ɗauri biyu yake sai sarƙar ta lanƙwashe. Lanƙwasassun abubuwa ba sa jeruwa, ku gwada ɗaure karan dawa masu gwiwa ku gani, shi ya sa man yake zama ruwa. Ita kuma haidurojin tagwaye take yawo, biyu manne da juna, ba ta son rabuwa. Da ta sauka a kan nikel sai ya raba tagwayen. Sarƙar mai ita ma ta zo ta kwanta a jikinsa, kowane ɗaya daga cikin tagwayen ya kama gefe guda na gaɓar, ɗauri biyu ya koma ɗaya, sarƙa ta miƙe ta tashi ta ba wata wuri. Miƙaƙƙun sarƙoƙi kuwa jeruwa suke yi su cushe, kamar man kaɗe da sanyin hunturu. A ƙarshe a tace nikel ɗin a sake aiki da shi.

Kamfanoni suka yi rububi. Crosfield na garin Warrington a Ingila ya sayi dabarar, Jurgens na Holan mai yin majarin ya samu nasa rabon, a Amurka kuma Procter & Gamble ya fito da Crisco a 1911, daskararren man angurya zalla. Daga nan duk wani iri mai fitar da mai a duniya ya zama abin nema.

To mu dawo gida. Turawa sun shigo Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. A wannan 1902 ɗin aka kafa ƙungiyar BCGA a Ingila, wadda bakin mutanenmu ya mayar Bisije. Masaƙun Lankasha sun gaji da dogara da audugar Amurka, suna neman wata gonar, kuma sun ji labarin ƙasar Hausa inda kowane ƙauye ake kaɗi da saƙa. Da wannan fatan aka amince da layin dogo daga Baro zuwa Kano a 1907. Talakawa aka ɗebo ta hannun hakimai suka haƙa shi da diga, har Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda fasihi ne, ya rubuta Waƙar Diga a kan wannan aikin. Layin ya iso Zariya a farkon 1911, ya kai Kano a watan Maris na shekarar. A daidai lokacin BCGA ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, daga 1912 kuma aka fara gwajin wani iri ɗan Amurka mai suna Allen.

Sai dai lissafin bai fita yadda suka zana ba. Audugar tana da masu ita. Masaƙa da marina da maɗinka na Kano da Zariya suna biyan kuɗin da ya fi na Bisije, to don me manomi zai kai wa Bature? Ita kuwa gyaɗa, kamfanonin Turai suka zo da farashin da ba a taɓa ji ba, domin can masu majarin da sabulu suna jira. Manomi ya duba: gyaɗa ba ta cin ƙasa kamar auduga, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta faɗi a ci ta a gida ko a yi ƙuli-ƙuli. Ga haraji kuma an ce da kuɗin Bature za a biya. Fataken goro da suka san kowace hanya suka zama 'yan tsakiya, suna raba kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa taragun ɗauka. Daga cikin waɗannan fataken Alhassan Ɗantata ya fito, daga nan kuma dalar gyaɗa ta samo asali. Wani masanin tarihin tattalin arziki, Jan Hogendorn, ya rubuta littafi guda a kan wannan, kuma maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta buga shi a 1978.

Ƙasar Zazzau ta zama a tsakiya. Ta riƙe audugarta, domin ƙasarta da ruwanta sun dace da ita, har aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, amma gyaɗa ma ta samu wuri a gonakinta. Ita audugar ma ba ta kuɓuta daga tukunyar Normann ba, domin anguryar da ake gurzewa ita ma mai ce. Ku kuma duba yadda aka rufe da'irar. A 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Niger Company mai kantuna a tashoshin jirgi. A 1929 aka haɗa shi da wani aka samu UAC. A 1930 kuma Lever da masu majarin na Holan suka fara aiki a matsayin kamfani ɗaya, Unilever. Wato mai sikelin da ke auna buhunka a Sabon Gari, da mai tukunyar da ke daskarar da man a Turai, gida ɗaya ne. Mu muna da ƙasa da gumi, su suna da dillali.

Yanzu mu shiga zancen gami. Duk wanda ya zauna wurin maƙeran farfaru ya san azurfa zalla tana da laushi, sai an sa mata ɗan jan ƙarfe take riƙe siffar zobe ko munduwa. Jan ƙarfe da kuza in suka haɗu, abin da ke fitowa ya fi kowannensu tauri. Maƙeri yana yin gami ne don tauri da launi. Masu katalis kuwa da wani dalilin suka zo.

Na farkonsu da ya yi suna, abin mamaki, shi ma man angurya yake daskarwa. Murray Raney injiniya ne a wani kamfanin mai a Chattanooga ta jihar Tennessee a Amurka. Garin nikel ɗin da suke amfani da shi bai gamsar da shi ba. Sai ya narka nikel da wani sinadarin daban ya yi gami, ya daka, sannan ya jiƙa a ruwan soda mai ƙarfi, irin ta masu sabulu. Sodar ta cinye abokin gamin ta bar nikel. Da silikon ya fara, ya yi rajista a 1925, sannan ya koma alminiyam, ya yi rajista a 1927. Ku ɗauka an kwaɓa ƙasa da gishiri an yi tubali, aka jefa a ruwa gishirin ya narke. Abin da zai rage tubali ne mai huda ta ko'ina kamar soso. Haka nikel ɗin Raney yake. Giram ɗaya nasa, in aka baje duk bangon ramukan da ke ciki, ya kai murabba'in mita 100. Tsabar kuzarinsa, in ya bushe a iska kamawa yake da wuta, don haka a cikin ruwa ake ajiye shi. Har yau da shi ake juya sukarin gulukos ya zama sobitol na cikin man goge baki, da shi kuma ake haɗa wasu sinadaran da ake yin zaren nailan da su.

Darasin Raney shi ne dillali a bakin ƙofa yake aiki. Ƙwayar zarrar ƙarfen da ke binne a ciki ba ta ganin kowa, ta fuska ce kaɗai ke ciniki. Nan maganar nano ta shigo. Nanomita ɗaya shi ne mita a raba ta gida biliyan ɗaya. Kaurin gashin kai guda yana kai nanomita 80,000. Ku ɗauki ɗan dunƙulen ƙarfe mai santimita ɗaya kowane gefe, kamar ƙwayar sukari. Fuskokinsa shida, jimilla murabba'in santimita 6. Yanka shi ƙanana masu nanomita 10 kowane gefe, fuskar za ta zama murabba'in mita 600, ta fi filotin ƙafa 50 da 100. Ƙarfen bai ƙaru da ko ƙwaya ba. In ƙarfen nan filatinam ne ko faladiyam, masu tsada kamar zinare, kun ga dalilin da ya sa ake niƙa shi haka a barbaɗa a kan wani abu mai arha kamar gawayi ko alli.

To sauri ya samu. Saura hankali. Dillali mai gaggawa yakan haɗa cinikin da ba a sa shi ba, kuma tukunyar Normann ta nuna haka. In aka daskarar da mai rabi da rabi, don ya yi laushin shafawa, nikel yakan saki wasu sarƙoƙin bai cika musu haidurojin ba, amma ya murɗe musu gaɓa ta wata fuskar. Wannan shi ne kitsen da likitoci ke kira tirans. An shekara kusan 80 ana ci kafin bincike daga 1990 ya fara nuna yadda yake ɓata jini ya kai ga ciwon zuciya. Hukumar abinci ta Amurka ta yanke hukunci a kansa a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi a 2018, mu ma nan NAFDAC ta ƙayyade kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Man da gyaɗarmu ta tafi ta zama, ashe da aibinsa ya dawo.

Sabatier tun farko ya faɗi ƙa'idar: katalis nagari shi ne wanda ba ya riƙo da ƙarfi sosai, ba ya kuma riƙon sakainar kashi. In ya ƙanƙame, baƙon ba zai tashi ba, wuri ya toshe. In ya yi sako-sako, baƙon ba zai zauna ba balle a yi ciniki. Ƙarafan da suka dace da wannan aiki ba su da yawa, kuma kowanne da halinsa. Gami shi ne hanyar samun halin da babu shi a cikinsu. Ƙarfe na biyu yakan yi aiki iri biyu. Ko dai ya shiga tsakanin ƙwayoyin na farko ya raba su, yadda babban baƙo ba zai samu shimfiɗar kwanciya ba sai ƙarami, ko kuma ya taɓa lantarkin jikinsu ya rage musu ƙarfin riƙo.

Misalai suna nan birjik. A 1952 Herbert Lindlar na kamfanin magani na Roche a Basel ya sa wa faladiyam darma da gangan, ya rage masa kaifi, don ya tsaya a rabin hanya kada ya wuce. Da wannan aka samu sauƙin haɗa bitamin A a masana'anta. A matatun mai, tun 1949 ake gyara fetur da filatinam don ya ƙone da kyau a inji, amma baƙin kabon yakan rufe shi ya mutu da wuri. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Chevron ya haɗa shi da wani ƙarfe mai suna reniyam, John Sinfelt na Exxon kuma ya haɗa shi da iridiyam, katalis ya riƙa daɗewa ninki-ninki. Wannan na cikin abin da ya sa aka iya daina zuba darma a fetur. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana da irin wannan sashen gyaran fetur. Kai, ko farin gam ɗin da kafinta ke manna katako da shi a Tudun Wada, da fentin ruwa na bango, tushensu wani sinadari ne da ake haɗawa a kan ƙwayoyin gamin faladiyam da zinare. Zinaren aikinsa ya rarraba faladiyam ɗin, kada su taru su ƙone kayan.

Shi zinare labarinsa ya fi ban dariya. Ɗaruruwan shekaru an san shi da girman kai, ba ya tsatsa, ba ya hulɗa da kowa, don haka masana suka cire shi daga lissafi. Alhali tun da can ana wasa da ƙurarsa ba a sani ba. Akwai wani kofin gilashi na Rumawa na ƙarni na 4 a gidan tarihi na Birtaniya a Landan, kofin Lycurgus. In haske ya buge shi ta gaba kore ne, in ya ratsa ta baya ja ne. Sai da aka sa shi a madubin lantarki aka ga ƙwayoyin gamin zinare da azurfa ne a cikin gilashin, masu kimanin nanomita 70. A 1987 wani Bajapane, Masatake Haruta, ya wallafa cewa in aka ƙanƙanta zinare ƙasa da nanomita 5, yana juya iskar nan mai guba ta hayaƙin janareta ta zama marar guba, ko da a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri. A 2006 ƙungiyar Graham Hutchings a Jami'ar Cardiff ta nuna cewa gamin zinare da faladiyam yana juya sinadaran dangin alkohol su zama na ƙamshi, irin na turare da ɗanɗanon abinci, da iskar oksijin kawai, ba tare da miyagun sinadaran da aka saba zubawa ba, kuma gamin ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai. A 2012 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka suka kai abin maƙura: suka warwatsa faladiyam ƙwayar zarra ɗai-ɗai a fuskar jan ƙarfe. Faladiyam ya raba tagwayen haidurojin, jan ƙarfe mai arha ya ƙarasa aikin a natse. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da masana'antun sinadarai ke fitarwa sai sun bi ta hannun wani katalis, daga takin zamani zuwa ƙwayar magani.

To ina Zariya a yau? Dalar gyaɗa ta tafi tun shekarun 1970, fari ya buge ta, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa, kuɗin fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Amma garin bai tashi a tutar babu ba. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa, wadda ta faro daga binciken fata da ƙirgi. A sashen injiniyan sinadarai na jami'ar an shafe shekaru, da tallafin asusun PTDF, ana aikin juya farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina ta zama ziyolait, wani katalis mai ramuka da matatu ke fasa ɗanyen mai da shi. A 2016 kuma an sanar da gano nikel a ƙauyen Dangoma da ke kudancin jihar Kaduna, ƙarfen nan dai na Sabatier da Normann da Raney. Ɗalibai da dama a jami'o'inmu suna haɗa ƙwayoyin nano na azurfa da jan ƙarfe da ruwan ganyen zogale ko darbejiya, suna rubuta kundi a kai.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin kundi da masana'anta. Wanda ya haɗa ƙwayar nano yana bukatar madubin lantarki ya ga girmanta, yana bukatar wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar gwaji ba, sannan yana bukatar masana'antar da za ta saya. Matatar Kaduna da ya kamata ta zama babbar mai saye ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. Katalis kuma ba a sayar da shi da hoto. Sai an gwada shi wata da watanni a babbar tukunya, an ga yadda yake tsufa, an ga me ke kashe shi.

Kuma in kuna son ku ga tarihin 1913 yana maimaita kansa, ku leƙa garejin bakanike. A cikin salansar mota akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda 'yan gareji ke kira Indomie. Abin da aka shafa a ramukan nan ƙwayoyin nano ne na filatinam da faladiyam da rodiyam, giram kaɗan, aikinsu su ƙone gubar hayaƙi kafin ya fito. Ana cire shi, wani da sanin mai mota wani a sace, a sayar, a tara, a fitar waje inda ake narkawa a ware ƙarafan a sake ƙera sabon katalis. Motar kuma ta ci gaba da bin titin Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo tana hura wa masu talla da 'yan makaranta ɗanyen hayaƙi. Da can gyaɗa muka auna wa mai dillali. Yanzu dillalin da kansa muke aunawa a kilo.

Shi ya sa na ce wa duk wanda ke karanta kimiyyar sinadarai a Samaru yana jin kamar ya yi asarar shekarunsa don bai samu likitanci ba, ya sake dubawa. Normann ma'aikacin ƙaramin kamfani ne, Raney ko masanin sinadarai ba shi ba ne, injiniyan inji ne da garin nikel ya ishe shi. Ilimin gami kuwa akwai shi a birnin nan tun kafin a gina jami'a, a hannun maƙeran da suka san nawa za a sa wa azurfa ta yi tauri ba ta karye ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan idon kan ƙwayar da ba ta kai kaurin gashi ba, a kuma samu masu kuɗi da hukumomin da za su jure jiran sakamako.

In motarka tana da nata har yanzu, ka bar shi a inda yake. In kuma a gidanku akwai dattijon da ya ga zamanin sikelin gyaɗa da na Bisije, ku zauna da shi ku tambaye shi nawa ake sayen buhu, wa ke aunawa, ina ake kaiwa. Ku rubuta abin da ya ce, don mu ma muna son ji.